Yadda za ka kare sassan furosesa kafin ka shafa mata ruwan ƙarfe

Shafa ruwan ƙarfe a kan furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, don zafinta ya riƙa fita da sauri, ba ya cin minti goma. Abin da ke cinye yinin mutum shi ne shingen da zai yi wa ƙananan sassan da ke kewaye da wurin, kuma a nan ne masu gaggawa ke tafka asara. Ruwan ƙarfen da ake sayarwa a ƙaramin sirinji, irin su Conductonaut na kamfanin Thermal Grizzly ko Liquid Ultra na Coollaboratory, gauraye ne na galiyam da indiyam da kuza. Galiyam shi kaɗai yana narkewa a digiri 29.8, wato ko a tafin hannunka ka riƙe shi zai zama ruwa. Idan aka haɗa shi da sauran biyun kuwa, ko a ɗaki mai sanyi ba ya daskarewa. A ido kamar zaiba yake, sai dai ba shi da irin dafinta.

Dalilin da ya sa ake sonsa a fili yake. Thermal Grizzly sun rubuta 73 W/mK a matsayin ma'aunin ɗaukar zafi na Conductonaut, alhali man sanyaya na yau da kullum, wannan mai launin toka, da ƙyar nagarinsa ke wuce 12. Amma ƙarfe ƙarfe ne: yadda yake wucewa da zafi haka yake wucewa da lantarki. Ɗigon da bai kai kan allura ba, idan ya zauna tsakanin ƙafafun kafasito guda (ɗaya daga ƙananan sassan lantarkin da ke kewaye da wurin), ya isa ya kashe allon kwamfutar. Ko bai haɗa wuta nan take ba, galiyam yana cin dalmar da aka liƙa sassan da ita a hankali.

Da farko, ka tabbata aikin ya cancanta

Ba kowace furosesa ce ke amfana ba. Daga zuriya ta 3 ta Intel a 2012 har zuwa ta 8 a 2017, a yawancin samfuransa na tebur man sanyaya kamfanin ya riƙa zubawa tsakanin ƙwayar silikon, wato ainihin cif ɗin da ke yin zafi, da murfin ƙarfen da ke samanta, maimakon dalma. Shi ya sa masu irin su i7-4790K da i7-7700K da i7-8700K suka yi ta cire murfi suna musanya man da ruwan ƙarfe, zafin ya sauka da digiri 10 zuwa 20 a lokacin aiki mai nauyi. Daga i9-9900K a 2018 aka dawo da dalma a manyan samfura, yawancin Ryzen na tebur ma da dalma suke zuwa, ban da wasu irin su 2200G da 2400G. Cire murfin da aka liƙe da dalma wani aiki ne daban, mai hatsari sosai, ribarsa kuma kaɗan; ba shi nake koyarwa a nan ba.

Wuri na biyu shi ne laftof da katin hoto, inda ƙwayar take a buɗe ba murfi, ƙarfen shan zafi yana zaune a kanta kai tsaye. Nan ribar tana da yawa, hatsarin ma ya fi yawa, domin kafasitoci sun yi wa ƙwayar ƙawanya, laftof kuma ba a zaune take wuri ɗaya ba.

Shafa ruwan ƙarfe a saman murfi, tsakanin murfin da ƙarfen shan zafi, ni ban ga dalilinsa ba. Digiri kaɗan za ka samu, rubutun da ke kan murfin zai goge, garanti ya tafi. Kuma kafin komai, ka share ƙurar da ta toshe fanka da haƙoran ƙarfen shan zafi. Bayan hunturu guda a Kano ko Zinder, laftof da yawa da ake kuka da zafinsu ba abin da ke damunsu sai wannan dunƙulen ƙurar mai kama da auduga.

Duba ƙarfen da zai zauna a kai

Wannan matakin ba ya karɓar "wataƙila". Galiyam da alminiyam ba sa ga maciji. Yana kutsawa cikin jikin alminiyam ya mayar da shi gaggautsa, har ka iya ɓantare shi da yatsa kamar busasshen ƙuli-ƙuli, kuma ba a gyara wannan ɓarnar. Saboda haka ne ma ake lissafa galiyam cikin kayan da ke cin ƙarfe idan za a yi jigilarsa a jirgin sama.

Juya ƙarfen shan zafin ka kalli gindinsa. Idan ja ne gaba ɗaya, jan ƙarfe ne, zai yi. Idan fari ne mai sheƙi, ko dai jan ƙarfe ne da aka lulluɓe da nikel, wanda shi ne mafi dacewa, ko kuma alminiyam ne tsagwaronsa. Ido yana ruɗuwa a nan, don haka ka nemi bayanin samfurin daga kamfanin da ya ƙera shi. Akwai wani tarko kuma: masu sanyayan da bututunsu na jan ƙarfe ke taɓa furosesa kai tsaye, irin Hyper 212 Evo, tsakanin bututu da bututu alminiyam ne. Waɗannan ba a kai musu ruwan ƙarfe. A laftof, sau da yawa farantin tsakiya jan ƙarfe ne amma firam ɗin da ke riƙe da notuna alminiyam ne. Idan tazarar ƙwayar da firam ɗin ba ta da yawa, shi ma sai an rufe shi da salatif mai jure zafi.

Kayan da za ka tanada

Sifirit na isofurofil mai ƙarfin kashi 90 ko fiye; audugar tsinke mai ƙarfi wadda ba ta zubar da gashi (irin baƙaƙen da ke zuwa a fakitin Conductonaut sun fi na goge kunne); tsinken sakace; tsohon katin roba; safar hannu ta roba; fitila mai haske; madubin ƙara girma, ko kyamarar wayarka idan tana ɗaukar abu na kusa da kyau. Sai abin rufi, wanda za mu daɗe a kansa. Idan murfi za ka cire, ka nemi na'urar da aka ƙera don haka, irin Delid Die Mate ta Bajamushen nan Roman Hartung da aka fi sani da der8auer. Reza ta yanke hanyoyin wuta a allunan furosesa masu yawa, musamman daga zuriya ta 6 da aka sirantar da allon.

Cire zoben azurfarka ka ajiye nesa. Galiyam yana kama azurfa da zinariya ya ɓata su. Shimfiɗa farar takarda a tebur don duk ɗigon da ya faɗi ka gan shi, ka kashe fankar sama, ka rufe taga.

Wanke wurin

A laftof, cire caja, buɗe bayanta, zare wayar batir daga allo kafin ka taɓa komai, sannan ka danne maɓallin kunnawa na ɗan lokaci don sauran wutar ta fita. Ɗauki hoton yadda komai yake, har da inda murfin furosesa ya fuskanta, domin juya shi baibai abu ne mai sauƙi.

Goge tsohon mai da sifirit har sai audugar ta daina yin toka. Wanda ya maƙale tsakanin kafasitoci, da tsinken sakace ake fitar da shi, a hankali, kana bin tsawonsu ba kana tura su gefe ba. Ƙarfi kaɗan ke ɓalle su. Idan ka cire murfi, za ka ga baƙin gam a gefen koren allon da kuma bakin murfin. Kankare shi tas da farce ko katin roba. Kaurin wannan gam ɗin yana ɗaga murfi daga kan ƙwaya, cire shi kaɗai yana cikin abin da ke sauke zafi. Bari komai ya bushe sarai, don duk rufin da aka shafa a kan maiƙo ɓarewa yake yi.

Gano abin da za a kare

Sa fitila ka duba duk abin da ke ƙyalli a kewayen ƙwayar. A i7-4770K da i7-4790K akwai jerin ƙananan sassa a gefen ƙwayar, kusa ƙwarai, su ne suka fi shiga hatsari. A i7-8700K babu irin wannan jerin, amma akwai 'yan ɗigogin zinariya a kan koren allon, wuraren gwaji na masana'anta, waɗanda mutane ke rainawa su bari a buɗe. A laftof da katin hoto kafasitocin suna iya kewaye ƙwayar ta kowane ɓangare. Ƙa'idata ita ce duk ƙarfen da ke buɗe a tazarar santimita guda daga bakin ƙwaya sai an rufe shi, a laftof kuma har gefen ƙaramin allon da ƙwayar ke zaune a kai.

Zaɓen abin rufi

Jan farce marar launi shi ne abin da aka fi amfani da shi, kuma yana aiki. Sharaɗi: ya zama fari tas mai kama da ruwa, ba mai ƙyalƙyali ba, domin wasu masu ƙyalƙyalin da garin ƙarfe ake yin su. Aibinsa shi ne ba don zafi aka yi shi ba. Bayan shekaru yana iya ƙeƙashewa ya tsage. A kwamfutar tebur da ke zaune lafiya a wuri ɗaya ban damu da hakan sosai ba.

Wanda ya fi shi shi ne man rufin allo da aka yi don kayan lantarki, irin 422B na MG Chemicals mai silikon, ko TG Shield na Thermal Grizzly. Na farkon yana haske a ƙarƙashin fitilar UV, na biyun kuma ja ne, don haka dukkansu suna nuna maka inda burushi ya tsallake. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin matsalar jan farce marar launi ita ce ba ka ganin inda ka rasa. Masu gyaran waya, irin na Farm Centre a Kano, suna da koren man nan da suke rufe waya da shi bayan sun yi jamfa, su busar da fitilar UV. Shi ma yana rufewa da kyau, amma yana yin tauri ƙwarai, cire shi daga kan kafasito sai da wahala, kuma idan ya yi kauri ƙasansa ba ya bushewa. Wanda ya saba da shi ya shafa siriri.

Salatif ɗin Kapton, mai launin ruwan zuma, yana jure zafin da ya haura digiri 200, nesa da abin da furosesa za ta kai. Amma shi kaɗai bai isa ba a wurin da ke da tudu da kwari. Yana yin rumfa a kan kafasitoci, ruwan ƙarfe ya shige ta ƙarƙashin rumfar ya ɓuya inda ba za ka gan shi ba. Na taɓa karɓar wata laftof da aka yi wa haka: daga sama salatif lafiya lau, da na ɗaga shi sai ga ƙwallon ƙarfe zaune tsakanin kafasitoci biyu. Mai ita ya ce wata biyu tana aiki, ranar da ya sauko daga babur da ita a jaka ta ƙi tashi. Don haka a shafa mai tukuna, salatif ya biyo baya a matsayin ƙari. Baƙin salatif na masu wayarin kuwa, arha daga cikinsa gam ɗinsa narkewa yake ya zame. Idan dole ne, sai irin Super 33+ na 3M da aka yi wa ma'aunin digiri 105.

Shafa rufin

Rage man da ke kan burushi a bakin kwalba har ya kusa bushewa, ko ka bar burushin ka ɗiba da tsinken sakace. Ɗora ɗigon a gefen kafasito ka bar shi ya gangara ƙasansa da kansa. Gefuna biyu masu ƙyalli, inda dalma take, su ne abin nema, ba bayansa ba. Shafi biyu ko uku sirara sun fi ɗaya mai kauri, da tazarar kamar kwata awa tsakaninsu. Mai kauri yana kama iska, kumfar ta fashe daga baya ta bar rami.

Abu biyu za ka kiyaye. Kada man ya hau saman ƙwaya. Idan ya hau, goge shi nan take da audugar da aka ɗan jiƙa da asiton, ka bi da sifirit. Sannan kada tudun rufin ya kai tsayin ƙwayar. Idan ya kai, murfi ko farantin shan zafi zai zauna a kan rufin ya bar ƙwayar a rataye, ka ƙare da zafin da ya fi na farko. Ɗora gefen katin roba a kan ƙwayar ka leƙa ta gefe da fitila: dole ka ga haske tsakanin katin da rufin.

Ba shi awa guda ko fiye bayan shafin ƙarshe, ko abin da aka rubuta a jikin kwalbar. Taɓa da tsinke a wani lungu. In yana danƙo, da saura. Sake dubawa da madubi daga kusurwa huɗu, domin gefen kafasiton da ke fuskantar ƙwaya shi ne aka fi mantawa, shi ne kuma ruwan ƙarfe zai fara isa.

Katangar soso ga laftof

Da Sony suka fitar da PlayStation 5 a 2020 da ruwan ƙarfe a cikinta, ba su bar shi haka ba, sun kewaye ƙwayar da shingen soso da ke matsewa idan an ɗaure ƙarfen shan zafi. ASUS ma shinge suke yi a laftof ɗinsu na ROG masu ruwan ƙarfe. Kamfanonin da ke da injinan auna ɗigo ba su yarda da sa'a ba, balle mai shafawa da hannu.

Yanko soso siriri mai laushi ka yi masa taga daidai girman ƙwaya da ɗan rata, ka ɗora a kan rufin da ya bushe. Ya ɗan fi ƙwayar tsayi, amma ya zama mai lotsawa da taɓawa kaɗan. Soso mai tauri yana rage matsin faranti a kan ƙwaya. Gwada kafin ka ci gaba: ɗiga man sanyaya na yau da kullum a kan ƙwayar, ɗaure farantin, kwance, ka duba. In man ya baje siriri ko'ina, sosonka ya yi. In ya zauna da kauri ko ya karkata gefe guda, rage soson. Wanke man gwajin tas da sifirit.

Shafa ruwan ƙarfen

Kada ka taɓa danna sirinjin a saman allo. Bakinsa yana maƙalewa, ka ƙara ƙarfi, ya yi tsartuwa ya fesa ko'ina. Juya baya ga kwamfutar, ka fitar da ɗigon a kan murfin roba ko kan audugar kanta. Girman ƙwayar gero ya isa ƙwayar i7-8700K, har ya yi saura.

Da farko zai ƙi kamawa, ya dunƙule yana gudu a gaban audugar. Ci gaba da murzawa a hankali daga tsakiya zuwa gefe, za ka ga ya fara bin silikon ɗin kamar fenti. Abin da ake so shi ne fuska mai sheƙi kamar madubi, ba tare da tafki ba. Karkata allon kaɗan a ƙarƙashin fitila: in ka ga wani abu yana motsi, ya yi yawa, zuƙe shi da sirinji. Rufin da ka yi ba lasisin zuba da yawa ba ne. Duk rarar da faranti ya matse waje sai ta nemi wurin zuwa.

Shafa wa ɗaya fuskar ma, wato cikin murfi ko gindin faranti, daidai inda ƙwayar za ta taɓa. Tsohon mai yakan bar sawu da zai nuna maka wurin. Kewaye shi da salatif, ka shafa, ka ɗaye salatif ɗin a hankali ka jefa a leda. Sauya safar hannu kafin ka sake taɓa allo.

Mayar da murfi da ɗaurewa

Hanya biyu ce. Ko ka sa furosesar a soket ka ɗora murfin haka nan, maƙallin soket ya riƙe shi. A nan ka danne shi da yatsa lokacin da kake sauke sandar, domin tana tura shi gaba. Ko ka liƙe shi da ɗigon gam ɗin silikon mai jure zafi a kusurwoyi. Kada ka zagaye shi duka, Intel ma suna barin ɗan gibi don iska. Gam ɗin da ke warin tsami idan an buɗe, irin na liƙa gilashi, yana fitar da asid da ke cin jan ƙarfe, a guje shi.

A laftof, sauke farantin a miƙe sau ɗaya, kada ka ja shi gefe bayan ya zauna. Bi lambobin da ke jikin notunan, rabin juyi rabin juyi, har su ɗauru tare. Ƙwayar silikon tana ɓantarewa a kusurwa idan aka matse gefe guda.

In ya zube

Kada ka hura, kada ka share da tsumma. Farfashewa yake ya zama ƙananan ƙwallaye. Zuƙe babban da sirinji, sauran ka ɗauke da audugar da aka jiƙa da sifirit, kana dangwalawa kana ɗagawa, sabuwar auduga kowane karo. Idan ya shiga cikin allurorin soket ko ƙarƙashin wani cif, kada ka jona batir. Kai wa mai maikuroskof.

Gwaji da bibiya

Kunna, buɗe HWiNFO, manhajar da ke nuna zafin furosesa, ka sa Cinebench, mai ɗora mata aiki mai nauyi, ya yi aiki na minti goma. Lambar da za ka fi kula da ita ita ce bambancin zafi tsakanin ƙwayoyin aikin da ke cikin furosesar (cores). In ɗaya ta zarce sauran da digiri 10 ko fiye, akwai inda ruwan bai kai ba ko farantin ya karkace, sai an sake buɗewa. Kwatanta da abin da ka auna kafin aikin, a ɗaki ɗaya da lokaci ɗaya na yini, don awon da aka yi da rana a watan Afrilu ba zai yi daidai da na asubar Janairu ba.

Jan ƙarfen da ba a lulluɓe da nikel ba yana shan galiyam a hankali, ya bar farin tabo mai kaushi, ruwan ya ragu. In bayan wasu watanni zafin ya fara hawa, buɗe ka goge abin da ya bushe da sifirit, kada ka kankare tabon har sai ja ya fito, ka ƙara ɗigo a kansa. Shafi na biyu ya fi daɗewa. A wannan buɗewar ka duba rufin da madubi, inda ya tsage ka sake shafawa, soson da ya mutu ka canza shi.

Laftof ɗin da kullum tana cikin jaka a kan hanya, ko wadda farantinta ke da alminiyam kusa da ƙwaya, ni PTM7950 na Honeywell nake sa mata. Ɗan faifai ne da ke narkewa a wajen digiri 45 ya cike gibin, ba ya ɗaukar lantarki, kuma ba ya buƙatar rufi ko soso. Ana yanka shi daidai girman ƙwaya, a sa shi a firij na ɗan lokaci don ledarsa ta ɓare cikin sauƙi, sai a ɗora a ɗaure.